Inda Rezo Ke Kamawa

A da, in maza sun tafi ci-rani Kano ko Legas, kaset suke cikawa da murya su ba direba. Sai ya yi sati biyu a hanya, amma in ya iso ya iso, gida duka a zauna a saurara. Ni ma na aiko irinsa daga Abijan da Tarabulus. Yanzu saƙon murya ne a waya, wai nan take, sai ka ga mace ta wuni tana kallon abu yana juyawa bai buɗe ba.

A kan wannan ƴar ƙanwata ta yi binciken kammala jami'a. Tana so ta auna ƙarfin rezo, wato sabis ɗin waya, a daidai inda mata ke karɓar saƙon mazansu, ta nuna abin da ke sa murya da bidiyo su maƙale. Wata ɗaya aka ba ta, in ta kuskure sai baɗi. Ta sauka nan Matameye da ordinata, wato kwamfuta, da wayoyi uku. Na ce ba za ta shiga ƙauyuka ba tare da babba ba.

"Kawu, aikin ba ya son rakiya," in ji ta.

"Ke, na yi tafinta a ƙasa huɗu. Aunin iska ne zai gagare ni?"

Ta sunkuyar da kai.

Duk garin da muka shiga, a Dawce ko wajen Kurni, sai in kai ta gaban mai gari in yi bayani: baƙuwa ce, rezo take nema. Ai kuwa sai a miƙe. Baƙo ya zo neman abu, wa zai nuna masa mara kyau? A wani gari aka kai mu kan suri, a wani gindin gawo, inda aka rataye gwangwani a reshe don saka waya. Wani dattijo har da riƙe mata tsani.

"Malama, hau nan. Nan har na Najeriya yana kamawa."

Sau biyu ta raɗa mini cewa cikin gidaje take son shiga. Na ce mutane sun karrama mu, ba a mayar da hannun kyauta baya.

Da ta koma, malaminta ya duba aunin, ya ce in haka ne ƙauyukanmu sun fi birni rezo, to ina matsalar da take bincike? Ya ce sai ta sake aunin. Lokaci kuwa ya ƙure.

Ta kira ni a waya. "Kawu, suri na auno, ba ɗakunan mata ba."

Abin na ci mini rai har yau. A Tarabulus na sha ganin masu irin wannan aiki suna bin lungu da na'urarsu, ba wanda ya ce musu sannu, ina cewa rashin tarbiyya ne. Ashe barinsu aka yi su yi aiki. Mu kuma da mutunci muka ɓata na yarinya, ni ne a gaba, da babbar riga.

Da rani ya zagayo ta dawo. Ta gaishe ni, ta ɗauki jakarta, ta bi wata ungozoma da ke shiga kowane gida. Ta auna a ɗaka, a madafa, a bakin turmi. Ta kammala, shekara guda bayan ƴan ajinsu.

Rezo na nan yadda yake. Tana zuwa gaishe ni, amma ba ta ƙara gaya mini abin da take bincike ba, ni ma ban ƙara raka kowa aikinsa ba.