Hanya Uku Zuwa Bakin Titi

Daga ƙauyenmu, a yankin Kurugu, zuwa bakin titin da ake shiga motar Karaye ko ta Rogo, hanya uku ce, kuma kowacce da masu bin ta. Wani kwari ne ya shiga tsakaninmu da titin. Hanya ta farko tana zagaye shi ta gefen gonakin gyaɗa, babu hawa babu gangara, ita tsofaffi da masu juna biyu da amalanke suke bi. Ta fi kowacce tsawo, kuma a tsakiyarta akwai wata tsamiya da ake hutawa. Ta biyu tana gangarawa fadama, a tsallake rafi a kan duwatsu, a haura ta wajen masu rake. Ta uku ita ce hanyar dutse. Gajeriya ce, amma sai mai lafiyar ƙafa da numfashi, domin akwai inda sai an dafa da hannu.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina. A gidanmu ma'anar wannan ita ce bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya hira da ni. Idan na zo daga Kano, inda nake aiki, nakan durƙusa a zaure in gaishe shi. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, shi ke nan, sai ya juya ga rediyonsa. Ƙannena kuwa har tsokanar su yake yi.

Amma ranar komawata, da zarar na rataya jaka, sai ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya leƙa cikin gida ya ce wa Gwaggo, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu:

"Zan leƙa gona."

"Gonar ta koma gabas ke nan, Yaya? Ni dai a yamma na san ta."

"Ke dai ki ji da tukunyarki."

Uba ba ya raka ɗansa, balle ɗan fari, saboda haka gona za shi, ni kuma hanya ce ta haɗa mu. Shi a gaba, ni a baya. A nan, yana ba ni baya, yake magana. Duk abin da na sani game da mahaifina daga ƙeyarsa na ji shi.

Shekarun farko hanyar dutse muke bi, yana hawa yana magana ba ya ko haki, ni ina bin sa da takalmin birni ina zamewa. A saman dutsen ne ya taɓa tsayawa, yana kallon kwarin, ya ce ranar da aka haife ni nan ya gudo, don kada mutane su ga fuskarsa, ya zauna har la'asar. Bai waiwayo ba. Muka gangara.

Daga baya muka koma hanyar fadama, ya ce wai yana son ganin rake. A nan ya nuna mini iyakokin gonakinmu da sanda, ya gaya mini wanda ake wa kawaici a dangi da dalilin yin sa. Bayan wasu shekaru kuma sai hanyar tsofaffi, wai ruwa ya cinye duwatsun rafi. Na lura da sauyin, kamar yadda na lura cewa maganar tana ƙara yawa yayin da tafiyar take ƙara sanyi.

Sai hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Ya tashi, amma yana jan ƙafar. Likita ya ce ya riƙa ɗan takawa kullum, kada dai ya wahalar da kansa. Da damina ta ja baya na buga waya na ce ina tafe nan da mako uku.

Da na zo, kwana uku na yi. Na dube shi da kyau, na yi lissafi irin nawa: ga ƙafa, ga rana, ga hanyar da mai lafiya ma sai ya yi kusan awa ɗaya a kanta. Da safen ranar komawata, ba tare da na yi shawara da kowa ba, na kira ɗan acaba ya zo har ƙofar gida. A ganina jinƙai na yi.

Na rataya jaka. Ya dafa bango ya miƙe, da sabuwar hula a kansa, ya ce zai leƙa gona. Gwaggo ba ta tsokane shi ba a ranar, kuma ban lura ba sai daga baya. Muna fitowa zaure babur ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Ni na kira shi, Baba. Kada a wahalar da ƙafar."

Ya dubi babur ɗin, ya dubi sandarsa.

"Wa ya ce maka wani wuri za ni da kai? Gona na ce."

Ya koma ya zauna a dakali, ya ɗora sandar a cinya.

"To, Allah ya kiyaye hanya. A gai da mutanen gidan."

Cikin ƴan mintuna ina bakin titi. Har na ji daɗin yadda na tsara abin.

Ya rasu kafin a gama yankan dawa. Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga gaida Gwaggo. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Ɗan nan, ka san tun ranar da ka bugo waya kullum da hantsi sai ya fita? Ranar farko a bakin rijiya ya tsaya. Bayan kwana biyu ya kai gonar liman. Haka, haka, yana ƙarawa. Ana gobe za ka zo ya kai tsamiya. Ya dawo jiƙe da gumi, ya zube nan inda kake, ya ce, 'Na kai.' Na ce, 'Yaya, me ka ajiye a tsamiya?' Ya ce akwai maganar da zai yi, kuma zuwa can ta isa."

"Wace magana, Gwaggo?"

"Ni zai gaya wa? Kai ne mai ita."

Na tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi liman. Ba wasiyya ba ce, wannan ya bar ta a fili, kowa ya sani. Babu wanda ya gaya wa komai.

Ranar da zan koma na rataya jaka na bi hanyar tsofaffi a ƙafa. Na yi ta a hankali, ina jan lokaci, ina gwada irin takunsa, in ga maganar da za ta cika daga ƙofar gida zuwa tsamiya. Doguwa ce. An tuge gyaɗa, gonakin sun yi fili, ana hango dutsen daga ko'ina.

Ina zaune a gindin tsamiyar sai ga ɗan acaban nan ya biyo da buhu a baya. Ya tsaya, ya yi mini ta'aziyya, ya ce in jira ya sauke kayan ya dawo ya kai ni titi.

Na ce masa ya je kawai, gona zan leƙa.