Abin da Na Rubuta a Takardar 'Yar Illo

Ni mutuniyar Bagudo ce. Karatuna bai wuce firamare ba, sai 'yan watanni da aka koya mana tsabta da jinyar marasa lafiya. Da wannan na samu aiki a wata ƙaramar kwalejin horar da malamai mata, ina kula da ɗakunan kwana. Ni ke kaɗa ƙararrawa, ni ke duba gado da farce da akwati, ni ke riƙe mabuɗin ƙofa. Ɗalibai na ce mini Inna, kuma suna tsorona. Ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Zan faɗi abin nan yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar da aka samu mulkin kai, Baturiyar da ke shugabancin kwalejin ta koma ƙasarsu, aka kawo mana 'yar ƙasa. 'Yar Arewa ce, amma ba daga wajenmu ba. A birni ta tashi, ta yi karatu a ƙasar waje. A zamanin Baturiya, ranar da aka ɗaura wa yarinya aure ranar take tattara kayanta. Sabuwar Shugaba ta soke wannan tun makonta na farko. Ta rage lokacin ɗinki da girki, ta ƙara lissafi da kimiyya. Sannan ta sa aka share tsohon ɗakin ajiya, aka jera gadaje shida, aka ɗauki wata tsohuwa mai raino, ta ce duk ɗaliba mai goyo ta zo da ɗanta.

Wannan na ƙarshen ne ban so ba. Jariri bai san ƙararrawa ba. Tsumma ya cika igiyar shanya, ɗaliba ta makara aji ta ce shayarwa ta tsaya yi, ni kuma ba ni da bakin magana. Na je ofis na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, ta ce idan sai marasa aure za mu koyar, to mu sani muna yi wa ɗakin miji horo ne ba makaranta ba, domin duk wadda muka yaye aure zai janye ta, ƙauyuka su zauna ba malama. Na ce to. Ban yarda ba, amma na ce to.

Wani halinta shi ne ba ta jiran a aiko mata ɗalibai. Da kanta take shiga ƙauyuka nemansu. Da hutun kaka ya zo ta ce in raka ta ƙasarmu, tunda na san hanya kuma ina jin Dendi da Fulatanci kaɗan. Muka kwana Bagudo, muka bar mota a bakin gulbi, muka shiga jirgin fito muka ƙetare kogin Kwara, muka isa Illo da hantsi.

Hedimastan Illo ya kawo mana wata yarinya da ta gama firamare, ta yi aure, tana taimaka masa da ajin 'yan mata. Mijinta falke ne, rabin shekara yana kan hanya, kuma ya yarda ta tafi karatu. Uwarta, wata dattijuwa mai jinin Fulani, ta rako ta, tana zaune a inuwa bakin ƙofa da jariri a baya. Shugaba ta ba yarinyar lissafi a kan allo, ta yi shi kafin in gama fiƙe fensir. Sai aka zo cika takardar shiga. Shugaba na tambaya, ni ina rubutawa: suna, gari, sunan uba, aure. Tambaya ta biyar ita ce ko tana da ɗa.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Shugaba ta sake tambaya. Yarinyar ta juya fuska wajen bango, ta ɗan kaɗa kai.

"Kunya ce irin ta amare," in ji Shugaba, tana murmushi. "Inna, rubuta babu."

Shugaba ta san ana kunyar ɗan fari, amma saninta bai wuce cewa uwa ba ta kiran sunansa ba. A wajenmu abin ya fi haka, musamman a gidajen da ke da Fulani a ciki. Uwa ba ta kallon ɗanta na fari a gaban manya, ba ta ɗaukarsa, ba ta kuma buɗe baki ta ce nata ne, balle uwarta na zaune a bakin ƙofa tana ji. Ni na san wannan, don haka aka yi mini ni ma. Na ga jaririn a bayan tsohuwa, na ga gaban rigar yarinyar a jiƙe. Na rubuta babu.

Dalilina biyu ne. Na farko, abin da aka ce in rubuta shi nake rubutawa. Na biyu, gadajen nan shida sun cika, kuma ban so na bakwai ba. Na daɗe ina gaya wa kaina na farkon. Na biyun ne gaskiya.

Da aka buɗe kwaleji 'yar Illo ta zo ita kaɗai. Ba wanda ya gaya mata akwai ɗakin masu goyo, domin takardarta ba ta nuna tana bukata ba. Sai da ta zo ta gan shi. Ɗan nata kuwa bai kai ko wata tara ba. Kakarsa ta ɗauke shi ta koma rugarsu da ke ƙetaren iyaka, a Dahomi, ƙasar da yanzu ake kira Benin. A makon farko yarinyar ta ɗaure ƙirjinta da zane, zazzaɓi ya rufe ta kwana uku. Na kai mata ruwan zafi da tawul. Ban tambaye ta komai ba.

Ta warke ta kama karatu. A lissafi ba wadda ta kama ƙafarta, Shugaba har tana cewa wannan za ta wuce koyar da firamare. Aibinta ɗaya, makara. Hanyar aji ta bi ta bayan ɗakin masu goyo, sai ta tsaya jikin taga har a gama kiran suna. Sau huɗu ina sa ta sharar fili saboda haka.

Ana saura mako biyu jarrabawa, wani direban babbar mota ya kawo saƙo daga Illo. Ni ya samu a ƙofa. Ya ce an ce a gaya wa ɗiyarsu yaron da ke wajen tsohuwa ba shi da lafiya, gudawa yake yi ba tsayawa. Na gaya mata kamar yadda aka gaya mini. Ta je ofis neman izini. Dokar izini kuwa a rubuce take: ciwon uwa, ko uba, ko miji, ko ɗa. Shugaba ta tambaye ta wane ne ba lafiya, ta ce wani yaro ne a gidansu. Shugaba ta ɗauko takardarta ta duba, ta ce ta yi haƙuri, kowace ɗaliba tana da yaro a gidansu, idan aka buɗe wannan ƙofa aji zai watse, ta bari a gama jarrabawa. Yarinyar ta durƙusa ta yi godiya ta fita.

Ina tsaye a wurin. Ban yi magana ranar ba. Washegari ma ban yi ba. Na duba gadaje, na raba sabulu, na ga kwanon abincinta a rufe yadda aka ajiye shi. A rana ta uku bayan sallar asuba na je gidan Shugaba.

"Ranki ya daɗe, yaron nan ɗanta ne. Ɗan fari."

Ta ajiye kofin da ke hannunta. "Yaushe kika sani?"

"Tun a Illo."

"Kina gani na ce ki rubuta babu?"

"Ina gani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in je in ce wa direba ya zuba mai, in kuma ce wa yarinyar ta ɗauko mayafinta. Muka bar mota a Bagudo, muka ƙetare gulbi zuwa Illo.

Daga Illo sai tafiyar ƙasa. Jandarmomi, wato 'yan sandan Dahomi, na kan babbar hanya suna neman takarda, mu kuwa ba mu da ita, sai muka bi 'yar hanyar gonaki da mutane ke bi tun kafin a san da iyaka. Shugaba ta cire takalminta mai tsini ta riƙe a hannu. Ƙaya ta soke ta sau biyu, ba ta yarda aka tsaya ba.

Muka sami yaron da rai. Ya rame ƙwarai, idanu sun faɗa, ana ɗura masa kunu da nonon shanu yana mayarwa. Uwarsa ta gaida tsohuwa, ta tambayi shanu, ta tambayi kowa, ta zauna ta ba yaron baya. Na ga Shugaba za ta yi magana, sai na kama hannunta na ja ta waje, na yafito tsohuwa ita ma ta fito. Sai da muka yi nisa da bukkar muka ji kukan yaron ya canja, alamar ta ɗauke shi ta sa shi a nono. Amma nonon ya riga ya ƙafe.

A gindin wata ɗorawa Shugaba ta yi wa tsohuwa bayani, ni ina fassarawa. Ta ce kuskure aka yi, kuma nata ne. Ba ta ambace ni ba. Ta ce a ba mu yaron, akwai asibiti kusa da kwaleji, akwai gado, akwai mai raino. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa.

"Malama, kun ɗauke mani ɗiya kun busar mata da nono. Yanzu kuma jikan kuke so ku busar?"

Na rage kaifin maganar wajen fassara, Shugaba ta ce in faɗa mata yadda aka faɗa. Na faɗa. Ta ce to tsohuwa ta biyo mu ita ma, ta zauna da jikanta a kwaleji. Tsohuwa ta yi dariya, ta tambaya ko da shanun za ta zo, ko su ma akwai gadonsu. Ɗan fari na kaka ne, in ji ta, kuma ba ya barin hannunta sai ya yi ƙafa.

Aka kira yarinyar. Shugaba ta tambaye ta abin da take so, a gaban uwarta. Na san ba za ta iya amsawa ba, ita ma Shugaba zuwa lokacin ta sani, amma ba wata hanyar tambaya da ta rage mata. Yarinyar ta ce, "Ranki ya daɗe, ku sauka lafiya." Iyakar abin da muka samu ke nan. Abin da tsohuwa ta yarda da shi kawai shi ne a kai yaron wajen malamin asibiti na Illo, shi ma sai da Shugaba ta ce ba za ta tashi daga gindin ɗorawar ba sai an tafi.

Yaron ya rayu. 'Yar Illo ba ta dawo ba. Shugaba ta ajiye mata gurbinta shekara biyu, ta rubuta wa hedimasta wasiƙa fiye da sau ɗaya, amsa ɗaya ce: sun gode. Ta sa aka gyara tsarin ɗaukar ɗalibai, aka daina yi wa yarinya tambayar ɗa, sai a kira uwarta ko gwaggonta gefe a tambaye su. Ni ba ta kore ni ba, ba ta kuma rubuta komai a kaina ba. Ta dai daina ba ni alƙalami idan mun fita, ita ke tambaya ita ke rubutawa.

Da kaka ta zagayo muka koma Illo. Hedimasta ya sa aka share aji, aka ajiye mana kujeru biyu. Ba yarinyar da ta zo. Da aka matsa masa, ya ce magana ta bazu har ƙetaren iyaka cewa kwalejin raba uwa da ɗa take yi, iyaye mata sun ƙi. Shugaba ta ce a kai ta gidajen ta yi musu bayani da bakinta. Gida uku muka shiga, aka ba mu ruwa, aka ce masu gida ba sa nan. Muka koma ajin muka zauna har azahar. Sannan ta miƙe, ta ce mu tafi mu kama jirgin fito, gobe akwai ƙauyukan Kurgu da Matsinkai.