Layin da Ya Faɗa Shafi na Biyu

Shekarar da na fara buga takardu a wani shagon kwamfuta a Gaya, babana ya hana kowa sakat a ƙauyenmu da ke ƙasar Ajingi. Ko maganar awaki ake yi sai ya sako cewa 'yarsa tana sarrafa inji. Don haka da ƙungiyar manomanmu za ta kai sunaye a ba su taki, shi ya matsa wa shugaban ƙungiyar ya kawo mini aikin.

A garinmu ba a jera suna yadda aka ga dama. Gidan dagaci ne farko, sai na liman, sai tsofaffin gidaje, mu kuma can ƙarshe, don kakan babana daga gabas ya zo da jakunansa. A nan aka haifi babana, a nan aka binne nasa uban, amma har gobe mu ne ƙarshen layi.

Na shirya jadawalin da suna da unguwa da girman gona. Komai ya zauna a shafi ɗaya, ban da layin ƙarshe. Sunan babana ya tsaya a gindin shafin farko, gonarsa ta tsallaka na biyu. Abin ba wuya. Na rage gefen takarda, na ɗan matse rubutun, layin ya dawo cikin 'yan'uwansa.

Shugaban yana tsaye a kaina yana cin goro, ya ce bai yarda ba. Wai dagaci ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, kuma dole a bar fili mai faɗin tafin hannu a ƙasa don hatimi da sa hannu. Na ce to a raba sunayen biyu, rabi nan rabi can. Ya ce wa zan tura bayan takarda, liman? Na ce a buga hatimin a shafi na biyu. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an yi haka ba.

Raina ya ɓaci, amma sa'ar 'yarsa ce ni. Na hana layin rabewa, na sa kanun jadawalin ya maimaitu a shafi na biyu, sunan babana ya zauna a ƙarƙashinsa shi kaɗai, tsaf. Na haɗa takardun da ƙusa biyu, na roƙe shi kada ya bari su rabu. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar rabo ma'aikatan da suka kawo takin suka ce shafin da ke da hatimi kawai suka sani. Babana ya ari amalanken maƙwabci, ya wuni a rana ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi ba a kira shi ba. Shugaban yana wurin, yana cin goronsa. A shekarar geronmu bai kai ƙugu ba.

Har yau in na ga jadawali ya tsinke a allon kwamfuta sai in tuna ranar nan. Na iya gyara shi cikin ƙiftawar ido, an ma san ni da haka a Gaya, amma ban ga abin da ya tsinana mini ba.

Da na je gida ranar Juma'ar da ta biyo bayan rabon, na tarar da babana yana gyaran ƙotar fartanya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai da na gama gaishe shi ya ɗago.

"Uwata," ya ce, "ashe injin naki ma ya san mu baƙi ne?"

Tun daga ranar ban ƙara jin ya yi wa kowa zancen aikina ba.