Ƙullin Bakin Mayafi

A gidanmu na Daura, ko an sauke tukunyar tuwo ba a kashe murhu. Iya, mahaifiyar babanmu, takan jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tura karan dawa cikin wuta, ta binne gyaɗa a toka, mu kuwa mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ni ce uwar surutu a cikin jikoki, don haka ni take fara tsokana.

"Ke ƙawata, rufe bakin nan haka. Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta shigo, mun ba ta wuri!"

Doka ɗaya gare ta: ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, in ji ta, ɓata zai yi, ya nemi hanyar gida ya rasa. In muka dame ta da naci da hantsi, sai ta kama bakin mayafinta ta ƙulle tamau, ta ce ta ɗaure Gizo, sannan ta fara. Ba ta kwance ƙullin sai ta kai ƙarshe.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tsohuwar da ta je itace, a hanyar dawowa Dodo ya tare ta a bakin rafi. Ba ta da abin ba shi, sai ya ƙwace sunanta da hanyar gidanta. Ta yi ta gararamba, kowane gari ta shiga a kore ta, a ce mahaukaciya ce. 'Yarta ta fita nema, har ta same ta a gindin wata tsamiya. Ta ja hannunta, tsohuwa ta fizge, ta ce ba ta san ta ba. Sai 'yar ta daina ja. Ta jera da ita, inda ta nufa nan take nufa, tana rera mata waƙar da suke yi in suna niƙa.

Ni kuwa ban taɓa barin wurin nan ya wuce ba. "To Iya, yaushe Dodon ya mayar mata da sunan?"

"Kin ji ki! Ina kika taɓa jin Dodo ya mayar da abu? Tafiya dai suka yi ta yi tare."

Wallahi haushin wannan ƙarshe nake ji. Nakan ce tatsuniyar ba ta ƙare ba, ta yi dariya ta cusa mini gyaɗa a hannu.

Ina makarantar horon malamai abin ya fara. Iya ta zuba gishiri a koko. Ta yi sallar Azahar, ta shafa, ta sake tayarwa. Aka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Nauyin duka ya faɗa kan Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Ita ke wanka, ita ke wanki, ita ke shan zagi, don Iya takan ce mata ɓarauniya.

Wata rana da tsakar rana na tarar da Iya a tsakar gida tana yi wa kaji tatsuniya. Na dubi bakin mayafinta, babu ƙulli. Washegari ta fice ba wanda ya gani, sai wani ɗan acaba ya tsinto ta a hanyar Sandamu, babu takalmi, wai za ta wurin innarta.

Maza suka taru a zaure suka yanke shawara a sa mata kwaɗo a ƙofa. Gwaggo ta fito, idonta jawur, ta ce wa babanmu, "Yaya, uwar da ta goye mu za a kulle kamar akuya? Ba da ni ba." Daga ranar, duk sanda Iya ta zabura za ta fita, Gwaggo sai ta ɗauki mayafi ta bi ta. Su zaga unguwa, mutane na kallo, wasu na ƙus-ƙus, har Iya ta gaji su dawo. Haka suka yi har Allah Ya karɓi abinsa. Iya ba ta sake kiran sunan Gwaggo ba.

Bana wasu ma'aikatan lafiya da matasa suka shirya tattaki a gari, don a tallafa wa gidajen da ke jinyar masu ciwon mantuwa, a kuma gaya wa jama'a cewa ciwo ne, ba hauka ba ne, ba kuma maita ba. Wata abokiyar aikina ta ce, "Yawo a rana shi zai warkar da wa?" Na ce mata ba warkarwa muka fito yi ba. Na san dai abin da ke kashe mai kula da mara lafiya: ta duba hagu da dama ta ga ita kaɗai ce.

Ban je ni kaɗai ba. Gwaggo Asabe tana hannuna yanzu, don ita ma abin ya kama ta. Da ta ga mutane sun jeru a titi sai fuskarta ta washe, ta ɗauka rakiyar amarya ce. Muka bi baya a hankali. Rana ta take, sai na ji ta taɓa ni.

"Baiwar Allah, ba ki ji ba? Ga wata nan tafe, ki matsa mata."

Hawaye suka zubo mini. Na kama bakin mayafinta na haɗa da nawa, na ƙulle tamau. Sannan na ce, "Ta shigo, Gwaggo, na ba ta wuri."

Ta fara tatsuniyar tsohuwar nan, ta kai inda Dodo ya tare ta a bakin rafi, sai ta tsaya tana dubana, sauran ya ɓace mata. Ban ja ta ba, ban kuma kwance ƙullin ba. Muka ci gaba da tafiya.