Sodangi da Lagwanin Tsingaro

Ranar wata Talata cikin bazarar bara, Sodangi ya buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Bodinga tun rana ba ta yi zafi ba. Ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya share, ya shimfiɗa buhu a kan tebur, sannan ya jera kayan aikinsa bisa tsarin da bai taɓa sauyawa ba: sukudireba uku, filaya, magagari, dalma, da tabarau mai ƙafa ɗaya wanda ya ɗaure da zare. Daga nan ya kunna rediyonsa, ya ba shi mari ɗaya a gefe don ya kama tasha. Shekara talatin ke nan yana gyara rediyon mutane, nasa kuwa ba ya magana sai da mari.

A Dingyaɗi aka haife shi, kuma da fitilar ƙwai ya fara sana'a, yana sauya lagwani yana like tankin kananzir. Da fitilar ƙwai ta ja baya ya koma tocila da agogo, daga baya ya shiga wayar hannu da fitilar sola. Bai yi makarantar ko ɗaya daga cikinsu ba. Hanyarsa ita ce ya buɗe abu, ya zuba masa ido har sai abin ya gaji ya nuna masa inda yake ciwo.

Bai gama zama ba sai ga Sama'ila direba ya shigo ba sallama. Sama'ila ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, don haka tun suna yara babu maganar da ke shiga tsakaninsu ba tare da tsiya ba. Shi ke jan babbar motar albasa daga nan zuwa Legas. Ya ajiye wani abu mai kama da ƙaton alƙalami a kan buhun.

"Ya ƙone kuma," in ji shi. "Ƙauri kamar an sa tsumma a wuta."

"Bawana, ba a gaida ubangida?"

"Ubangidan wa? Gyara ka yi, ko ɓarna? Kwana huɗu kacal audugarka ta yi."

Abin da ya ajiye sigarin lantarki ne. Yana da batir a gindi, da ɗan tankin gilashi a sama wanda ake zuba wa wani ruwa mai ƙamshin minti. A cikin tankin akwai lagwanin auduga da aka naɗe da siririyar waya. Lagwanin ya sha ruwa, waya ta yi zafi, sai tururi ya fito a zuƙa. Ko wannan ya fi sigari sauƙi ga ƙirji, likitoci ne za su faɗa, ba ni ba. Abin da na sani shi ne dalilin da ya sa Sama'ila ya riƙe shi kamar ransa.

A daminar da ta gabata tari ya kwantar da shi mako uku. Da ya tashi, mahaifiyarsa, Gwaggo Nana Fatima, ta sa shi ya rantse a gabanta cewa ya bar karan sigari har abada. Ta kuma ƙara da nata alkawarin: ranar da ta ji warin taba a jikinsa, ba za ta sake cin ƙwayar hatsin da ta fito daga hannunsa ba. Shi ne kuwa mai ciyar da ita, kuma duk Bodinga an san Gwaggo ba ta maimaita magana. Idanunta sun yi rauni, amma hancinta bai tsufa ba. Duk dawowarsa daga tafiya sai ya durƙusa ta cire hularsa ta sansana, domin a cewarta direba yana iya wanke riga a tasha, amma ba ta taɓa jin direban da ya wanke hula ba. Wata takwas ke nan minti kawai take ji, har tana yi masa faɗan ya rage shan alewa kada haƙoransa su zube.

Matsalar ita ce lagwani. Na asali ya ƙone, ba a kuwa sayar da irinsa a kusa. Sau biyu Sodangi yana sa audugar gida, sau biyu tana ƙonewa cikin kwana huɗu, alhali zuwa Legas da dawowa kwana goma ne. Saboda haka tun makon da ya wuce, bayan ya ga a wayar wani mai kawo gyara yadda ake sa lagwanin tangaran wanda wuta ba ta ci, ya aika wa Inna Tani maginiyar tukwane a Mandera da ƙusa guda, a kan ta gina masa 'yan sandunan yumɓu daidai kaurinta.

Sama'ila ya sa hannu a aljihu ya fito da karan sigari guda, ya ɗora a kan tebur.

"Yanzu nis saye shi. Ban kunna ba. Mota za ta tashi bayan la'asar. In ba ka gama ba, to walle kafin mu kai Yabo na kunna shi, alhakin Gwaggo kuma bisa wuyanka."

"Ita ta haife ka, ni ka ɗaukar alhaki?"

"Kai na mai gyara."

Sodangi ya dube shi, ya gane cewa yau wasan yana da gaskiya a cikinsa. Ya bar masa jiran rumfa, ya hau babur ya kama hanyar Shagari.

Ya iske Inna Tani a inuwar zaurenta tana tankaɗe ƙasa. Bayan gaisuwa mai tsawo ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma, ta kwance shi a hankali kamar mai nuna zinariya. Sanduna goma ne, jajaye masu duhu, sumul, suna ƙyalli. Sodangi ya ɗauki guda, ya ɗiga masa ruwa daga buta. Ɗigon ya gangara ya faɗi ƙasa, bai bar ko alama ba.

"Inna, mi kinka shafa masu?"

"Makuba mana. Na goge su da dutse tun suna ɗanye, da sunka fito wuta na tsoma su makuba har sau biyu. Duba ka gani, ko mai ba ya shiga."

Makuba ruwan ɓawon ɗorawa ne, wanda magina ke shafa wa tukunya tana da zafi don ya toshe ƙofofinta. Inna Tani ta yi wa aikin gata iyakar iyawarta, ta kuma kashe shi da gatan.

"Inna, Allah shi ba ki haƙuri, so nike su sha ruwa. Su tsotse shi, su yi ta tsattsafo."

Ta ajiye rariya. "Su yi yoyo? Kai ɗan nan, shekara arba'in ina gini, ba a taɓa maido mani ko kasko don yoyo ba. Yau kai za ka zo tun daga Bodinga ka ce in yi abin kunya da gangan?"

"To ba ki taɓa kuskure ba, ko sau guda?"

"Ban taɓa ba."

Rana ta take. Sodangi ya karɓi buta ya zagaya bayan rumbu don ya wanke fuska ya yi tunani. Ruwan da ya zubo daga gemunsa ya sauka a kan wani tsingaro da kaji suka tono, sai tsingaron ya shanye shi nan take, ya yi duhu tun daga wannan gefe har wancan. Ya ƙara zubawa, ya ƙara shanyewa. Ya ɗauko shi ya dawo zaure yana murmushi.

"Inna, wanga fa? Aljanu sunka gina shi?"

Ta karɓi tsingaron ta juya shi a hannu. Daga baya ta faɗa masa, da murya ƙasa-ƙasa, cewa shekarar da ta yi ciwon ido ta zuba ƙaiƙayi sau biyu a kwaɓi ɗaya ba ta sani ba. Wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar ƙananan ƙofofi ko'ina. Randar da ta fito, in an cika ta da safe, kafin azahar ta zubar da rabi. Da hannunta ta fasa ta, ta binne a bayan rumbu tun kafin maƙwabta su gani.

"Ɗauki ka tafi. Amma ka rantse ba ka faɗa wa kowa hannun wa ya fito."

Ya rantse, bai kuwa saɓa ba. Ita da kanta ta ba ni wannan ɓangaren labarin, domin tun daga lokacin direbobi biyu sun yi ta cigiya har sun gano ta da kansu, sun je neman tsingaron, yanzu kuma tana cewa da ma da niyya ta yi.

Ana kiran azahar ya iso Bodinga. Ya tarar Sama'ila ya jiƙe da gumi, yana mirgina karan sigarin a ƙarƙashin hancinsa, ya kuma kori mutum biyu da suka kawo gyara.

"Ina lagwanin?"

Sodangi ya ajiye tsingaron.

"Fasasshiyar randa? Tun safe kat tafi, fasasshiyar randa kak kawo mani?"

"Yi shiru, manya na aiki."

Bayan sun yi salla ya zauna. Ya ɓantari tsingaron da filaya, ya shiga gurza shi da magagari, yana juyawa yana hurawa. Na farko ya kusa kai kaurin ƙusa sai ya karye. Na biyu ya gurza shi fiye da kima, ya yi sirantar da ba za ta cika rami ba. Sama'ila ya tashi ya zauna, ya fito da ashana ya mayar.

"In ka kunna a rumfata," in ji Sodangi ba tare da ya ɗaga kai ba, "ni da kaina za ni kai wa Gwaggo hularka."

Na uku ya tsaya. Ya ƙarasa shi a kan dutsen wasa wuƙa da ɗigon ruwa har ya yi santsi. Ya kai wa mai shayi ya tafasa masa shi don ƙurar gurza ta fita, sannan ya ɗora shi a bakin gawayi ya bushe. Ya kwance tankin, ya zare ƙonanniyar audugar, ya ga ramin da take bi ya yi wa yumɓu ƙunci. Auduga tana lanƙwasa ta bi inda aka tura ta, yumɓu kuwa in an matsa masa karyewa yake yi. Don haka ya faɗaɗa ramin da bakin magagari kaɗan-kaɗan, ya naɗe sabuwar waya zagaye shida a jikin sandar ta yadda kowane zagaye yana taɓa ta, ya yanko zoben roba daga tsohon tub ɗin keke ya toshe gefen da ruwa zai iya zurarewa. Ya ɗaure, ya zuba ruwan minti, ya tsayar da tankin a kan tebur.

Sama'ila ya miƙa hannu, Sodangi ya buge shi.

"Randa ba ta tsattsafo da gaggawa. Bari shi sha."

Nan aka kira la'asar. Sama'ila ya mayar da karan sigarin aljihu, ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataye don ya yi alwala. Kafin ya juyo, Sodangi ya zare karan sigarin daga aljihun, ya ɗaga hular kansa ya jefa a ciki, ya mayar, kamar yadda yake yi da duk ƙaramin abin da ba ya so ya ɓata.

Da suka dawo daga masallaci sandar ta yi duhu har sama. Sama'ila ya danna, ya zuƙa a tsorace, ya riƙe, ya saki. Tururi ya fito fari, babu ƙauri. Ya sake zuƙa, ya lumshe ido.

"Minti na, amma da ɗanɗanon ruwan randa."

"Kyauta ce wannan, ban ƙara maka komai a kai ba."

Sodangi ya gargaɗe shi kada ya yar da abin a ƙasa, kada kuma ya danna in tanki ya bushe. Yaran mota suna ta danna wa Sama'ila oda daga bakin titi, shi kuwa ya lalubi aljihu, ya sake lalubawa.

"Ina karana?"

"Abin da ke aljihun ɗan mace ai na ɗan namiji na. Tafi, albasa na ruɓewa."

Ya tafi yana zagi yana dariya.

Saura aiki ɗaya. Tun jiya Gwaggo ta aiko cewa fitilarta ta sola ta daina kamawa. Kafin magariba Sodangi ya rufe rumfa ya nufi gidanta, ya yi sallama, ya durƙusa a gabanta. Tana cikin amsa gaisuwa sai ta tsaya, ta ɗaga hanci.

"Matso."

Sai a lokacin ya tuna. Kafin ya yi wani motsi ta cire hular, karan sigari ya faɗo a kan cinyarta. Ta shafa shi, ta kai hanci.

"La'ilaha illallahu! Sodangi? Da furfurarka?"

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Amma in ya faɗi mai karan, ko da ba a kunna ba, Gwaggo ba za ta tsaya bambance saye da sha ba, buhun geron da Sama'ila ya sauke mata shekaranjiya kuma a waje zai kwana. Ya sunkuyar da kai.

"Na tuba, Gwaggo."

"Ba ka jin kunya? Ka dubi ɗan'uwanka, mutum ya yi shekara ashirin yana sha, ya bari don Allah, yanzu sai minti. Kai kuma da anka ce kai na mai hankali! Rantse mani yanzu."

Sodangi, wanda bai taɓa sa taba a bakinsa ba tun da aka haife shi, ya rantse cewa ba zai sha ba har abada. Ta murƙushe karan ta watsa a murhu, ta tura hular ƙarƙashin tabarmarta, ta ce sai an wanke ta da sabulu sau uku zai gan ta.

Yana nan durƙushe, tana ci gaba da yi masa wa'azi da misalin Sama'ila, ya buɗe fitilar. Waya ɗaya ce ta saki daga jikin batir. Ya kankare bakinta, ya murɗa ta a inda take, ya ɗaure murfin. Ya danna ta kama, ya kashe ya sake dannawa don ya tabbatar, sannan ya rataye ta a ƙusar da ke bakin ƙofar ɗakin, ya yi mata sai da safe, ya fita kansa ba hula.