Hanyar Fadama da Na Zana wa 'Yata a Ƙasa

'Yata ta fari kurma ce, haka Allah ya ba ni ita. Har ta kai shekarun da sa'o'inta a Gumbin Kure ke kai wa iyayensu fura fadamar albasa, ita ko ƙofar zaure ba ta taɓa wucewa ita kaɗai ba. Inna, uwar mijina, ita ta kafa dokar. Wai yarinyar da ba ta iya tambayar hanya, in ta ɓace wa zai gane inda ta fito. Na daɗe ina haɗiye maganar, har ranar da na ga yarinyar ta leƙa ta katanga tana bin ƙawayenta da ido. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na share tsakar gida, na ɗauki kara. Na zana gidanmu, na ja layi zuwa masallaci, na ajiye dutse a matsayin rijiya, na dasa ganye inda tsamiya take. Daga nan a karya kudu, sai rumfunan albasa. Na goge, na miƙa wa yarinyar karan. Ta yi ta kuskurewa, ina gogewa, tana hushi, ni ma ina yi. Da na goya ƙaninta muka bi hanyar da ƙafa, muka dawo ta sake zanawa, sai ga ta ta ƙara gidan mai kare da wata kwata da ni ban taɓa lura da ita ba.

Ranar da na ɗora mata ƙwaryar fura a ka ta kai wa mahaifinta fadama, Inna ta tare ƙofa.

"Ke ɗiyar nan, in wani abu ya same ta, ke da Allah."

"Inna, in na mutu wa zai riƙa kai ta? Ba ni barin ta tsuhwa cikin ɗaki."

Yarinyar ta fita. Tsoro ya kama ni, amma ban bi ta ba.

Bayan azahar sai ga ta da ƙwaryar a wanke, mahaifinta a bayanta yana tura mashin ɗinsa, fuska a ɗaure. Ya ce ya yi ya yi ta hau ya kawo ta, ta ƙi, ta nuna masa da hannu cewa ita ce a gaba.