Bidiyon da Na Ɗauka Ban Yi Sallama Ba

Shekarun baya kaɗan, lokacin da shafin nan nawa bai tara kowa ba sai dangi da masu zuwa yi mini dariya, na tafka wata aika-aika da har yau nake jin kunyarta. Sababbin mabiya ba su san labarin ba, tsofaffin ma rabinsa suka sani.

Aikina a lokacin shi ne in ji an ce kyanwa ta faɗa rijiya a Gusau, ko mota ta buge kare, in ruga da waya a hannu, a ceto, in kai wa likitan dabbobi, in sa bidiyo. 'Yan unguwa suka laƙaba mini Sarkin Mussa, don mu nan haka muke kiran kyanwa. Kaina kuwa ya kumbura. Gani nake duk faɗin Zamfara babu mai tausayin dabba sai ni.

Ran nan bayan azahar ina dawowa daga Tsafe, dab da Kwatarkwashi, sai na hango jaki a kwance gindin wata tsamiya, an ɗaure masa ƙafafu. Wani dattijo Bafulatani mai malafa na tsugune kusa da shi. Ina kallo ya zaro ƙarfe daga cikin garwashi ya ɗora wa jakin a kafaɗa. Hayaƙi ya tashi, jakin ya kwarma kuka. Na taka birki, na sauke gilas, na ɗauka tsaf, har fuskar mutumin. Ban sauka ba, ban yi sallama ba. Ina zaune cikin mota na rubuta cewa jama'a su zo su ga zalunci, har da faɗin inda abin ya faru, na tura, na ja mota ina jin kaina gwarzo.

Kafin in iso gida waya ta ɗau zafi. Ban taɓa sa abin da ya bazu haka ba. Na shiga da rawar jiki na miƙa wa mahaifiyata, wadda a ƙauye ta tashi, can wajen Furfuri. Ta kalla sau biyu, ta ajiye wayar, ta dube ni irin kallon da ake wa wanda ya zubar da miya.

"Wanga ai lalas ne, sakarai. Magani yake yi mashi."

Ta ce in jaki ya gurɗe ko kafaɗa ta kumbura, haka ake yi tun kaka da kakanni, kuma kakana ya yi wa nasu ba sau ɗaya ba. Ta ce wanda ba ya son jakinsa ba ya zama hura masa wuta cikin rana, masu sayen fata yake kira su ɗauke shi. Na fara kame-kame, wai ai ilimin zamani bai yarda da haka ba. Ta ce to in je in koya masa ilimin, amma ta yaya zan koya wa mutumin da ban ko gaishe shi ba?

Na koma kan waya da niyyar gyara rubutun. Sai na tarar abin ya wuce nan. Mutane sun bar maganar jaki tuni, sun koma kan dattijon. Kun san halin da jiharmu take ciki, kun san yadda ake kallon mai malafa da sanda in hankali ya tashi. Wani ya ce ai irinsu ne ba su da imani. Wani ya ce dama ana zargin rugagen bayan dutsen nan. Sai wani ya rubuta cewa ya gane shi sarai, gobe kasuwa, zai shigo da jakinsa ko babu jaki, za su tambaye shi.

Wallahi nan take na goge bidiyon. To amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, an kwashe shi ana ta yawo da shi waya zuwa waya. Har wani abokina ya turo mini, yana tambaya ko na ga wannan rashin imani. Na kasa cin tuwo. Tunanina ɗaya ne: in wani abu ya sami mutumin nan a kasuwa, ni ne na nuna shi da yatsa.

Washegari da sassafe na kama hanya. Mahaifiyata ba ta hana ni ba, goro kawai ta ƙulle mini, ta ce kada in je hannu rabbana. Ni da ke tsoron ratse kwalta ko da taku goma, ran nan na ajiye mota na bi sawun shanu a ƙasa, ina tafe ina waige, ina karanto duk addu'ar da na iya. Wani manomi da na tarar a gonarsa ya raka ni. A hanya ya ce mini shekara da shekaru shanun dattijon ke kwana a gonarsa bayan girbi suna zuba masa taki, ko zangarniya ɗaya ba su taɓa ci masa ba.

Mun same shi zaune a inuwa, jakin na tsaye yana cin harawa, an shafa wa ƙunar man shanu. Bai je kasuwa ba. Labari ya riga ni isowa, wani ya zo tun jiya ya ce masa ya yi zamansa a gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na ce Baba ni ne mai motar jiya, ni na jawo maka wannan. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya dube ni ya ce:

"Na ga tsayuwarka. Na ce Allah ya kawo mai riƙe mini ƙafarsa, don ni kaɗai nake fama. Sai ka tafi."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Na roƙe shi mu yi wani bidiyon in wanke shi. Ya ce fuskarsa ta gaji da yawo. Sai manomin nan ya tsaya gefen jakin ya yi bayani da bakinsa, ni ma na fito na ce ƙarya na yi wa bawan Allah. Na bi waɗanda suka yi barazana ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, na je wajen mai unguwa ma ya sa baki. Ƙura ta lafa, alhamdu lillahi, ba wanda ya taɓa shi. Sai dai bidiyon gyaran ko rabin rabin na farkon bai zaga ba.

Har gobe ba na son lalas, kuma yanzu in na ji jaki ya gurɗe, likita nake ɗauka mu je tare, a yi allura. Amma waya ba ta fita daga aljihuna sai na sauka, na yi sallama, na tambayi mai dabba abin da ke faruwa. Masu cewa bidiyona sun rage zafi, ga dalili kun ji.

Bayan kaka na koma da buhun dusa. Jakin ya warke sumul, har lodi yake ɗauka. Na tambayi Baba ya kasuwa. Ya yi murmushi ya ce jaki dai yana zuwa, maƙwabcinsa manomi ke kora shi ya yi masa cefane. Shi kuwa tun ranar bai sake taka ta ba, don duk wanda ya dube shi sau biyu, bai san ko a waya ya san shi ba.